Allurar da ke tare sankarar bakin mahaifa tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa

A watan Mayun 2024 ma'aikatan lafiya suka shiga makarantu da majami'u da masallatai da kasuwannin Kakuri, Barnawa, Makera da Sabon Tasha a Kaduna da akwatunan sanyi a hannu, suna neman 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Kaduna na cikin jihohi 21 na zango na biyu na shirin rigakafin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Oktoban 2023, lokacin da Farfesa Muhammad Ali Pate yake ministan lafiya. Allura ɗaya ce a dantse, kuma kyauta.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce: me ya haɗa yarinya 'yar aji huɗu da cutar da ke kama matan aure? Ƙwayar cutar HPV tana yaɗuwa ta hanyar saduwa, kuma galibin manya sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, domin jiki kan kawar da ita da kansa. A jikin wasu matan kuwa sai ta lafe a bakin mahaifa, tana sauya ƙwayoyin halittar wurin a hankali, shekara 15 ko 20, har ta zama sankara. Nau'i biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, kuma allurar Gardasil da ake bayarwa tana tare su duka. Sai dai ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta shiga, shi ya sa ake neman yarinya tun kafin aure. Macen da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗaukar ƙwayar daga wurinsa, don haka maganar tarbiyyar yarinya ba ta taso ba sam.

Mai cewa allurar na hana haihuwa ba ni ganin wautarsa. Mutanen arewa ba su manta gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabo ne ya ƙara wa ƙin allurar shan-inna ƙarfi a 2003. Amma wannan allura ba a kanmu aka fara ta ba. Tun 2007 Ostareliya ke yi wa 'ya'yanta, yaran kuma sun girma sun hayayyafa. A Ingila, binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kusan kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Mu kuwa, a 2020 kaɗai, mata kimanin 12,000 suka kamu a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu, yawanci saboda ba sa isa asibiti sai jini ya ƙi tsayawa, daga nan sai jigilar zuwa asibitin Shika.

Abin da ke damuna shi ne yarinyar da gangamin bai riska ba: mai talla a tashar motar Television, da 'yar aiki a gidajen Barnawa wadda iyayenta ke ƙauye, ba mai cewa a yi mata. Yanzu allurar ta shiga jerin rigakafin yau da kullum ga 'yan shekara 9 a asibitocin sha-ka-tafi, sai dai wannan karon ba mai biyo ta gida. Dole uwar ɗakinta ko maƙwabciya ta riƙe hannunta ta kai ta.