Zumuncin Ƙwallo a Baƙunci: Yadda Matasan Gwantu Ke Samun Nasu a Birane Masu Nisa

Gwantu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga a kudancin jihar Kaduna, gari ne da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Jos ta gangaro Hawan Kibo, ta ratsa Fadan Karshi ta nufi Akwanga, kuma wannan zama a bakin hanya ya sa matasansa suka daɗe da sabawa da fita, wasu don karatu a Gidan Waya da Kafanchan da Zariya, wasu don aikin soja ko na ɗan sanda, wasu kuma don neman na kansu a Abuja da Legas da Fatakwal. Al'ummar yankin ta haɗa Numana da Ninzo da Ayu da Gwandara da Hausawa da Fulani, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha, da ita kuma ake yawan wa'azi a coci da masallaci. Matashin da ya bar garin yakan tafi da wannan Hausa a bakinsa, ya tafi kuma da sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafar da yake goyon baya, kuma a makonnin farko na baƙunci waɗannan biyu sukan buɗe masa ƙofofin da takardar makaranta ba ta buɗewa.

Goyon bayan ƙungiya a wannan yanki yana da tarihin da ya girmi talabijin na tauraron ɗan'adam. Dattawan da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 sun bi labarin Mighty Jets ta Jos, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, da Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, kuma galibi ta rediyo suka bi su. Juyawar zukata zuwa Ingila ta zo ne ta hannun 'yan gida da suka tafi can. Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya ci kofin FA da Everton a 1995, Celestine Babayaro ya shiga Chelsea a 1997, Nwankwo Kanu ya shiga Arsenal a 1999 har ya zura wa Chelsea ƙwallo uku a gidanta a watan Oktoban shekarar, abin da ya jawo wa Arsenal ɗimbin masoya a faɗin Najeriya. Daga baya John Mikel Obi, wanda aka haifa a Jos kuma ya fito daga Plateau United, ya zauna a Chelsea daga 2006 zuwa 2017, ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012, shekarar da Victor Moses ya iske shi a can. Labarin Moses, yaron da ya tashi a Kaduna ya rasa iyayensa a rikicin 2002 kafin a kai shi Ingila, labari ne da mutanen kudancin Kaduna ke ji a jikinsu, domin gidaje da yawa sun san irin wannan rashi. Saboda haka mai goyon bayan Chelsea daga Gwantu, idan aka tambaye shi dalili, sau da yawa sunan ɗan Jos ko ɗan Kaduna zai fara ambata kafin ya ambaci birnin Landan.

Inda wannan goyon baya ke tsiro shi ne gidan kallo, wato rumfar kwano ko ɗaki mai faɗi da aka jera bencina a ciki, aka rataye talabijin biyu ko uku a gaba, aka ajiye janareta a baya saboda ba a dogara da wutar gwamnati, ana karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa, kuɗin kuma yakan ƙaru idan manyan ƙungiyoyi ne za su kara. A waje akwai allo da ake rubuta wasannin ranar da lokutansu da alli. Abin lura shi ne wannan tsari kusan iri ɗaya ne daga Gwantu zuwa Kafanchan, daga Mararaba da Nyanya a gefen Abuja zuwa Agege da Idi-Araba a Legas, har da kasuwar mami da ke cikin barikin soja. Baƙon da bai san lambar motar da zai hau zuwa wurin aiki ba, bai san farashin ɗaki ba, bai kuma ji Yarabanci ko Ibo ba, idan ya ga allon nan ya san abin da ake yi a ciki, ya san inda zai zauna da lokacin da zai yi ihu. Wurare kaɗan ne a baƙon birni mutum ke shiga da cikakken sanin ladabinsu tun ranar farko.

Kafin ya kai ga gidan kallo, sabon zuwa yakan sauka ne a hannun mai masauki, wato ɗan'uwa ko ɗan gari da ya riga shi zuwa, wanda zai ba shi wurin kwana da abinci ya kuma tsaya masa har ya sami abin yi. Wannan tsohuwar al'ada ce ta fatake, wadda masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda maigida ke sauke baƙin 'yan kasuwar goro da shanu ya zama lamuninsu. Mai masauki yakan kai baƙonsa cocinsu ko masallacinsu, ya kai shi taron ƙungiyar 'yan gari da ake yi wata-wata. Waɗannan wurare suna da amfani ƙwarai, sai dai duk suna haɗa mutum ne da waɗanda suka yi kama da shi a harshe ko addini. Gidan kallo shi ne wuri na farko da baƙon yakan je da ƙafarsa, ya kuma ƙulla alaƙar da ba gadonta ya yi ba.

Hanyar ƙulla ta tana da matakai da masu yi suka sani ko da ba a rubuta su ba. Baƙo yakan sa rigar ƙungiyarsa a ranar wasa, domin rigar ita ce gabatarwar da ba ta buƙatar mai gabatarwa, ya nemi gefen da 'yan ƙungiyarsa suka taru ya zauna, ya yi sallama, ya kira wanda ya girme shi Yaya ko Oga, dattijo kuma Baba. A wasan farko ba a son ya cika baki, ana son a ga ya san 'yan wasa, ya san lokacin da alƙalin wasa ya yi zalunci da lokacin da ya yi daidai. Idan aka tafi hutun rabin lokaci sai tambayoyi su biyo baya, kuma tambayar da ta fi nauyi ita ce tun yaushe ya fara goyon bayan ƙungiyar. Wanda ya riƙe Arsenal a dogayen shekarun da suka biyo bayan 2004, lokacin da kofin Firimiya ya yi mata nisa, ko wanda bai saki Manchester United ba bayan Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, yana da ƙima a idon jama'a fiye da wanda aka san yana bin duk inda kofi ya faɗa. Dalilin wannan a fili yake, domin mutanen da ke zaune nesa da gida suna auna amanar mutum ta ƙananan abubuwa, kuma wanda ya jure shan kaye shekara da shekaru bai sauya riga ba ana kyautata zaton ba zai gudu da kuɗin adashe ba. Sai bayan wannan ake tambayar garinsu, idan kuma ya ce Gwantu aka sami wanda ya taɓa tsayawa a can a hanyar Jos, hira ta sami gindin zama.

Zumuncin yana nuna ne a majalisa, wato zaman hira na yau da kullum da ake yi a wuri sananne, galibi a teburin mai shayi ko kusa da mai tsire, bayan an tashi daga kallo. A nan ne tsokana ke aiki, kuma wanda ya san al'adun arewa zai gane cewa tsarinta na wasan barkwanci ne, wato wasan da al'ada ta halatta tsakanin wasu rukunoni kamar taubasai, ko Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, inda ake faɗa wa juna maganar da a bakin wani za ta zama zagi amma a nan ba ta da hukunci. Ɗan Chelsea da ɗan Arsenal, ɗan Madrid da ɗan Barcelona, sun zama abokan wasa a wannan ma'ana, kuma wasan yana da iyakokinsa. Ana taɓa koci da mai tsaron gida da ɗan wasan da ya ɓarar da fanareti, ba a taɓa iyaye, ba a taɓa addini ko ƙabila, wanda ya ƙetare kuwa manyan majalisa ne ke tsawata masa nan take. Wajibi ne wanda aka lallasa ƙungiyarsa ya fito ya sha tsokanarsa, idan ya ɓuya a ɗaki za a neme shi a waya har sai ya amsa. Wannan nema, ko da da dariya ake yin sa, yana nufin akwai mutanen da za su lura idan baƙo ya kwana biyu ba a gan shi ba, kuma a birni irin Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga mutanen kudancin Kaduna wannan iyaka da aka shata wa tsokana tana da nauyi na musamman. Yanki ne da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da aka kai ƙauyukan Sanga a 2014, birnin Kaduna kuma tun bayan rikicin 2000 ya rabu har kogi ya zama kamar iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista. Matasa da yawa sun tashi ba su da aboki na kusa daga ɗaya ɓangaren. A kudancin Najeriya kuwa, ɗan Numana ko ɗan Ninzo Kirista yakan tarar ana kiransa Bahaushe kamar yadda ake kiran Bakano, domin mutanen can duk wanda ya fito daga arewa kuma yake jin Hausa a rukuni ɗaya suke sa shi. Wasu wannan yana yi musu ciwo, kuma suna da hujja, domin yana shafe sunan ƙabilarsu. Duk da haka shi ne ke zaunar da su a benci ɗaya da Bakatsine da Babarbare suna cewa "mun ci" da baki ɗaya. Wannan ya fi fitowa fili idan ƙungiyar arewa ta zo wasa kudu. Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma Ahmed Musa ɗan Jos ya yi suna a cikinta, takan tara 'yan arewa mazauna Legas suna kiran "Sai Masu Gida", haka ma Plateau United, wadda ta ɗauki kofin 2017 bayan ta yi tsere da MFM da ke wasa a filin Agege a lokacin.

Daga majalisa ne amfanin duniya ke ɓullowa. A nan ake jin inda ɗaki ya faɗi, da kamfanin da ke neman mai gadi ko direba, da mai babur ɗin da ke neman wanda zai ja masa. Inda zaman ya yi ƙarfi akan naɗa shugaba da ma'aji, a fara adashe, wato zubin kuɗi da kowa ke kwasa bi da bi, a kuma tara gudummawa idan ɗaya ya yi aure ko suna ko rashin lafiya ta kwantar da shi. Idan rasuwa ce, ɗaukar gawa zuwa gida nauyin dangi ne da ƙungiyar 'yan gari, amma abokan kallo sukan kawo nasu, su zo gaisuwa ko da addininsu ya bambanta da na mamacin.

Alaƙa da gida ma ba ta yankewa, domin wasan da ake kallo a Agege shi ake kallo a Gwantu a daidai wannan lokaci, da yamma idan na Firimiya ne, da dare idan na zakarun Turai ne, kuma da an hura usur na ƙarshe waya ke fara ƙara tsakanin wa da ƙane. A lokacin Kirsimeti ko Sallah masu dawowa sukan zo da riguna da ƙwallaye tsaraba, wasu su sa hannu a gasar ƙarshen shekara da matasan unguwanni ke shiryawa.

Al'adar tana da ɓangarorin da ke damun mai lura. Mata kaɗan ne ke shiga gidan kallo, saboda haka budurwar da ta bar Gwantu zuwa birni ba ta da rabo a wannan ƙofa sai ta hanyar ɗan'uwa ko miji. Cacar wasanni ta waya ta shiga tsakanin matasa, har wani yakan zauna yana fatan a ci ƙungiyarsa saboda abin da ya zuba, kuma wannan yana ɓata amanar da zaman ya ginu a kanta. Malaman addinai biyu suna kukan lokacin ibada da ke salwanta. Akwai kuma haɗarin taro, kamar bam ɗin da ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu a watan Yunin 2014 ana kallon kofin duniya, da wayar lantarkin da ta faɗo kan wani a Kalaba a watan Afrilun 2017 ana kallon Manchester United da Anderlecht, duka biyun kuma an yi asarar rayuka.

Abin da ya fi sauya tsarin a yanzu shi ne tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin tayar da janareta ya hau, kuɗin DStv ma ya hau, masu gidajen kallo suka ƙara kuɗin shiga, wasu suka rufe. Matasa da yawa sun koma kallo a waya, ko su haɗa kuɗi su biyar ko shida su kalla a ɗakin ɗayansu, tsokanar kuma ta koma zaurukan WhatsApp. Irin wannan ɗaki sai wanda aka gayyata ke shiga, kuma galibi 'yan gari ɗaya ne ko 'yan coci ɗaya ko masallaci ɗaya ke taruwa a ciki, don haka yaron da ya sauka daga motar Akwanga a yanzu yakan daɗe kafin ya zauna kusa da mutumin da mai masaukinsa bai sani ba.