Bayan ambaliya: wa ke biyan kuɗin gyaran makarantu da asibitocin jihar Maradi?

Daminar shekarar 2024 ta bar wa jihar Maradi tabon da ba za a manta da shi da wuri ba. A ranar 30 ga watan Agusta kaɗai, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya hallaka mutum 15 a birnin Maradi. Alƙaluman hukumomi na ƙarshen watan Satumba sun nuna cewa mutum 339 ne suka rasu a faɗin Nijar, 111 daga cikinsu a jihar Maradi, yayin da ɓarnar ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya.

Ɓarnar ta kai ga gine-ginen gwamnati. Azuzuwa sun rushe, wasu makarantun kuma sun koma matsugunin waɗanda suka rasa muhallinsu, lamarin da ya sa gwamnati ta ɗage komawa karatu daga ranar 2 zuwa 28 ga watan Oktoba.

A irin wannan hali, agajin da ke fara isowa shi ne na ceton rai: hatsi, tabarmi, barguna, gidan sauro da magunguna. A 2024, ma'aikatar agajin jin ƙai da kula da bala'o'i ce ta jagoranci aikin, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Wannan kuɗi na gaggawa ne, kuma da wuya ya kai ga sake rufin ɗakin haihuwa da guguwa ta yaye, ko ɗaga katangar makarantar da ruwa ya kayar. Kuɗin gini yana bin wata doguwar hanya ta takardu.

Hanyar tana farawa ne daga ƙidayar ɓarna. Sai an rubuta abin da ya lalace, an ɗauki hoto, masanin gini ya ƙiyasta kuɗin gyara, sannan rahoto ya tashi daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma, daga nan zuwa fadar gwamna, ya ƙarasa Yamai. Ginin da bai shiga wannan lissafi ba, da wuya a tuna da shi ranar rabon kuɗi.

A nan ne bambanci yake fitowa tsakanin birni da karkara. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da babban asibitin Maradi suna da akantoci da ma'aikatan da suka san yadda ake haɗa takardar neman tallafi, kuma muryarsu tana isa ma'aikatu kai tsaye. Ƙaramar hukumar karkara irin Tagriss, da ke gundumar Dakoro a arewacin jihar, tana dogara ne da shugaban gidan likita da daraktan makaranta, waɗanda aikin yau da kullum ya riga ya cika musu hannu. Ga kuma hanyoyin ƙasa da ke wuyar bi da damina, daidai lokacin da ake buƙatar masu ƙidaya su iso.

Manyan kuɗaɗen da ake da su ma sun fi karkata ga birane. A ƙarshen 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin PGRC-DU na rage haɗarin bala'o'i da raya birane, sannan a 2022 ya amince da dala miliyan 250 don shirin PIDUREM, wanda ya mai da hankali kan magudanan ruwa da kariya daga ambaliya a manyan garuruwa. Inshorar Tarayyar Afirka ta ARC ta taɓa biyan Nijar dala miliyan 3.5 a 2015, amma saboda fari ne. Asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a Masar a 2022 kuwa, ƙasashe ne ke ƙwanƙwasa ƙofarsa, ba shugaban asibitin ƙauye ba.

Siyasa ta ƙara wa lamarin nauyi. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi kafin ya dawo a 2024, wasu ƙasashen Turai kuma suka janye tallafinsu. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, don haka su ne yanzu ke ɗauke da alhakin kai kukan jama'a sama.

Jinkirin gyara yana da tsada. Idan aji ya rushe, abin da aka saba yi shi ne a kafa rumfar zana. Mutanen Maradi ba su manta da gobarar watan Nuwamban 2021 ba, wadda ta kashe yara sama da 20 a cikin irin waɗannan azuzuwa. Idan gidan likita ya lalace kuwa, yakan zo ne daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta, sai mai naƙuda ta nemi abin hawa zuwa asibitin Dakoro.

Akwai abin da ke hannun al'umma. Kwamitocin kula da makarantu da na gidajen likita, waɗanda ake da su a kusan kowane gari, suna iya ajiye rajistar gine-gine da kayan aiki tun kafin damina, su ɗauki hoton ɓarna da wayar salula a ranar da ta faru, su miƙa rahoto a rubuce ga kantoma da likitan gunduma ko sufeton makarantu, su kuma riƙe kwafi. Hakan ba zai haifar da kuɗin da babu shi ba, amma zai sa sunan Tagriss da ire-irenta ya kasance a kan takarda ranar da kuɗin ya samu.