Ciwon Damuwa: Yadda Za Ka Gane Shi, da Abin da Za Ka Yi

Kowa yakan yi baƙin ciki. Idan an yi maka rasuwa, ko ka yi asara, za ka ji zafi, sannan zafin ya riƙa raguwa a hankali. Ciwon damuwa dabam ne. Shi baƙin ciki ne mai nauyi wanda yake wuni da mutum kusan kullum, har mako 2 ko fiye. Abin da yake faranta maka rai a da, yanzu ba ya yi maka daɗi. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 280 suna fama da shi. Ya fi kama mata, kuma yakan kama mai ciki da mai jego.

Me ke kawo shi?

Wani lokaci yakan zo ba tare da wani dalili da ake gani ba. Amma sau da yawa yana biyo bayan rashi: na dangi, na lafiya, ko na aiki. Mutanen Arlit da Akokan sun san rashin aiki. Garuruwan nan sun tashi ne saboda haƙar yuraniyom. Kamfanin COMINAK ya fara fitar da shi daga ramin Akuta a 1978, aka rufe ramin ran 31 ga Maris 2021. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, masu kanti da masu sayar da abinci suka rasa ciniki. Magidancin da ya shekara 20 yana sammako zuwa aiki, ba albashi kaɗai ya rasa ba. Ya rasa abokan aiki, ya rasa dalilin tashi da asuba. Ba duk wanda ya rasa aiki ne ciwon yake kamawa ba, amma irin wannan hali yana buɗe masa ƙofa.

Yadda yake shiga rayuwarka

Sau da yawa jiki ne yake fara magana. Kana farkawa cikin dare, barci ya ƙi komawa. Abinci ba ya shiga. Kai yana ciwo, gaɓoɓi sun mutu, ka sha magani amma ba sauƙi. Yin wanka ma sai ya zame maka aiki. Ka daina zuwa fada shan shayi, ka daina zuwa suna da biki. Ƙaramin abu yana sa ka yi wa yara tsawa. Ke kuma uwargida, sai ki ɗora tukunya ki manta da ita, ko ki ji kuka ya zo miki ba ki san dalili ba.

Mutane za su ce lalaci ne, ko rashin haƙuri. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ita ce take hana mutane da yawa neman taimako. Ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani.

Abin da za ka yi

Ka gaya wa mutum ɗaya wanda ka amince da shi. Sannan ka je CSI ko asibitin gari. Kada ka tsaya a kan ciwon kai kawai. Ka faɗa wa likita yadda zuciyarka take. Wani, tattaunawa da ma'aikacin lafiya za ta ishe shi. Wani kuma sai an haɗa masa da ƙwayar magani. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kuma ana ci gaba da sha watanni da dama bayan an sami sauƙi. Kada ka daina sai da shawarar likita. Addu'a ba ta hana shan magani. Ka guji tiramol da giya: suna ɗauke damuwa na ɗan lokaci, su dawo da ita ta fi da.

Idan ɗan'uwanka ya ce ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauka wasa ne. Ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke maganin ɓera, da maganin ƙwari, da ƙwayoyi daga ɗakinsa, a kai shi asibiti a ranar.