Madubin Bindiga da Na'urar Gani da Dare: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani Kafin Ya Saya



Duk lokacin da shinkafa ta fara fitar da kai a fadamun Illo da Lolo da Zagga, akwai tambayar da ake yawan tare ni da ita: "Malam, wannan madubin da ake ɗaura wa bindiga, wanda aka ce yana gani cikin duhu, zai yi mana maganin gadu da gyazbi?" Wasu a Facebook da TikTok suka gan shi, inda maharban Amurka ke harbin aladun daji da tsakar dare. Wasu kuma tallarsa aka yi musu, wai za a shigo musu da shi ta Tsamiya daga Segbana, ko ta Lolo daga Malambil.

Na san zafin abin. Ka ci bashin taki da fetur, ka yi wata uku kana ban-ruwa, dare ɗaya dabba ta shiga ta yi maka kaca-kaca. Amma kafin ka sayar da buhunanka ka saya, bari in yi maka bayanin yadda waɗannan kaya ke aiki, inda suke yaudarar ido, da kuma abin da doka ta ce.

Kala uku ne, kowanne da aikinsa

Na farko shi ne madubin hangen nesa na bindiga. Aikinsa kawai ya jawo maka abu kusa. Idan ka ga an rubuta 4x32 a jikinsa, ma'anarsa yana ƙara girman abu sau 4, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 32 ne. Ba ya samar da haske, don haka idan dare ya yi duhu, shi ma duhun zai nuna maka. Sannan duk yadda ya ƙara girman abu, haka filin da kake gani ke raguwa: kana kallon dabbar, ba ka ganin wanda ke tsaye taku biyar a gefenta. An yi shi ne don bindiga mai harsashi ɗaya da ke tafiya nesa. Bindigar toka da mafi yawan maharbanmu ke riƙewa watsa ƙarafa take yi, kuma da wuya ta yi abin kirki bayan mita 30 zuwa 40. Ɗaura mata madubi asarar kuɗi ce, kuma idan ta yi baya lokacin harbi, bakin madubin na iya tsaga maka gira.

Na biyu shi ne mai gani da dare. Wani irinsa yana tattara ɗan hasken wata da taurari ne ya ninka shi sau dubbai, shi ne wanda ke nuna hoto kore. Haske mai ƙarfi, kamar fitilar mota ko rana, na iya lalata shi. Wanda ya fi yawa a kasuwa kuwa kyamara ce da ƙaramin allo a ciki, tare da fitilar infared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Iyakar inda fitilar ta kai, nan ne iyakar ganinka. Idan akwai dogayen ciyayi ko ƙurar hunturu a gabanka, hasken zai dawo maka, allon ya yi fari fat. Ka lura kuma, fitilar da aka rubuta wa 850 tana yin ɗan ja a bakinta, kuma duk mai irin na'urar zai hango ka daga nesa kamar ka kunna cocila.

Na uku shi ne mai ganin zafin jiki. Wannan ba ruwansa da haske ko kaɗan. Ɗumin da ke fita daga jikin mutum ko dabba yake kamawa, ya zana shi fari a kan baƙi. Shi ya fi tsada, domin idonsa ba da gilashin da muka sani ake yin sa ba, da wani ma'adini ne mai suna jamaniyam. Ingancinsa yana ga yawan ɗigon hotonsa: masu araha 160x120 ko 256x192 ne, masu tsada 384x288 zuwa 640x480. Ba ya gani ta cikin bango, ba ya gani ta cikin gilashin taga, kuma ganye mai kauri yana ɓoye masa dabba.

Inda ido ke yaudaruwa

Hango abu daban, gane ko mene ne daban. Lambar nisan da ake rubutawa a kwali, yawanci nisan da za ka ga "akwai wani abu" ne. Nisan da za ka tabbatar cewa gadu ne, ba ɗan maraƙi ba, ba mutum a tsugune ba, ya gaza wannan sosai.

Ni kaina na gani. Wani manomi ya aro ƙaramar na'urar zafin jiki irin wadda ake maƙala wa waya, muka je bakin gonarsa bayan isha'i. Can ƙarshen kunya muka ga wani farin dunƙule yana motsi ƙasa-ƙasa. Ya rantse mini gadun da ya dame shi ne. Da muka haska cocila muka yi magana, sai ga ɗan maƙwabcinsa ya miƙe, ashe ya sunkuya ne yana buɗe wa gonarsu ruwa. Ba mu da bindiga a daren, kuma har yau ina gode wa Allah a kan haka. Ka tuna, lokacin noman rani fadama ba ta rabuwa da mutane da dare: mai ban-ruwa, mai gadin injin, masunci mai duba taru, makiyayi mai neman saniyar da ta ɓata.

Yanayinmu ma yana rage mata ƙarfi. A watan Maris da Afrilu zafin rana a Kebbi kan haura digiri 40, jikin mutum kuma 37 ne. Da almuru ƙasa da duwatsu da suri duk suna riƙe da zafi, sai hoton ya cakuɗe, dabba ta saje da ƙasa, suri ya yi kama da dabba. Sai can cikin dare da ƙasa ta huce take nuna abu sosai.

Yadda za ka gane na bogi

Akwai tabarau na hangen nesa da ake shafa wa gilashinsa jan launi ko kore, a ce maka na dare ne. Duk abin da ba ya amfani da batir ba ya gani cikin duhu, wannan ka riƙe shi. Idan an ce na infared ne, shiga ɗaki mai duhu ka danna rimot ɗin talabijin a gabansa. Na gaskiya zai nuna bakin rimot ɗin yana walƙiya. Idan an ce na zafin jiki ne, ɗora tafin hannunka a bango na ɗan lokaci ka ɗauke. Na gaskiya zai nuna shatin hannun. Kuma ka tambayi kanka, idan ya lalace wa zai gyara maka a Bagudo ko Ka'oje? Kayan da aka shigo da shi ta bayan fage ba shi da rasit, balle a mayar.

Abin da doka ta ce

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga a kan lasisi. Bindigar toka tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha, bindigar farauta ta zamani kuma sai da izinin Sufeto Janar. Na'urorin gani da dare suna cikin kayan da ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkar Tsaro. Wanda ya ce zai tsallako maka da ita a kan babur, ba shi da wannan takarda, kuma ranar da aka kama, a hannunka za a same ta.

Ka duba halin da muke ciki. Tun harin Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamban 2024, da kuma ayyana Lakurawa a matsayin 'yan ta'adda da kotun tarayya ta yi a Janairun 2025, jami'an tsaro sun ƙara sa ido a kan iyakokin Kebbi. Manomin da aka tare da dare da bindiga mai madubin gani a duhu, kusa da iyakar Binin, zai sha wuya kafin a yarda cewa gyazbi yake nema. Su ma ɓata-garin, idan suka ji kana da ita, ka jawo su gidanka.

Sannan ba kowace dabba ake harbi ba. Giwa tana cikin dabbobin da dokar kare namun daji ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ba kariya. Za ka iya tunawa a 2018 da giwaye suka ɓullo a yankin Zariya Kala-Kala ta Koko-Besse da ɓangaren Bagudo, gwamnan lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, ya yi kira kada a taɓa su. Gandun dajin W da ke tsakanin Binin da Nijar da Burkina Faso ba shi da nisa da mu, don haka abin na iya sake faruwa. Dorina kuwa, wadda aka ji wa rauni ta fi mai lafiya haɗari, kuma masu jirgin kwale-kwale ne za su ɗanɗana.

To mene ne mafita?

Fara da sanin ɓarawonka. Da sassafe ka zagaya ka duba sawu da kashi da irin ɓarnar. Gyazbi yana yanke kara a karkace ya bar guntaye a tare. Gadu tono yake yi. Biri da rana yake zuwa, don haka na'urar dare ba ta da amfani a kansa.

Idan gyazbi ne ko gafiya, share ciyawar gefen gona da bakin magudanar ruwa, domin nan suke ɓuya, sannan ka ɗana tarko a kan hanyarsu. Ku yi tare da maƙwabta a mako ɗaya, in ba haka ba daga gonarka za su koma ta wani su dawo.

Idan gadu ne, ku yi gadi na karɓa-karɓa a kan rumfa mai tsayi, da cocila mai ƙarfi, da igiyar gwangwanaye da aka zagaya gona da ita, da kare. Fitila mai aiki da hasken rana wadda ke kunna kanta idan ta ji motsi tana taimakawa, amma ka riƙa sauya mata wuri duk bayan 'yan kwanaki, domin dabba tana sabawa.

Idan dorina ce, kada ka yi shuka a kan hanyar da take fitowa kiwo, ka bar tazara tsakanin gona da bakin kogi. Rami mai zurfi ta ɓangaren ruwa yana tare ta, domin ba ta iya tsalle. Kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa.

Idan giwa ce, manoman gabashin Afirka suna shafa wa igiya da tsumma dakakken barkono da baƙin mai su kewaye gona, wasu kuma a Kenya suna jera amya a matsayin shinge, domin giwa na gudun ƙudan zuma. Amma abu na farko shi ne ka sanar da mai gari da jami'an gandun daji na Ma'aikatar Muhalli, mu ma malaman gona na KARDA a gaya mana. Ka ɗauki hoton ɓarnar da wayarka, da kwanan wata.

Idan kuma dole sai an kira maharbi, a kira mai lasisi, da sanin mai gari da 'yan sanda, a yi shela a masallaci kowa ya san daren da wurin. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: abin da ba a haska an tabbatar da shi da ido ba, ba a harbinsa, ko da wace irin na'ura aka gan shi.

Mai tambaya ya same ni a ofishin gona na ƙaramar hukuma, ko ranar kasuwa. Allah ya tsare mana amfaninmu, ya ba mu girbi mai albarka.