Duba Tabon Fata da Haske

A Changli, wata unguwa a garin Tamale, wanda ya ga baƙin tabo a tafin ƙafarsa zai iya ɗauka ƙaya ce ta soke shi, ko kaushi ne. Galibi haka ɗin ne. Amma akwai wata irin sankarar fata, melanoma, wadda a jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ce ta yi ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981, kuma daga yatsan ƙafa ta faro.

Likitocin fata suna amfani da wata 'yar na'ura mai fitila da gilashi, tana ƙara girman tabo kamar sau 10. Haskenta yana ratsa saman fata, sai a ga yadda baƙin ya kwanta. A tafin ƙafa fata tana da kunyoyi da kwari kamar gona. Idan baƙin ya bi kwari, yawanci ba matsala. Idan kuwa ya hau kan kunyoyi, to abin tsoro ne.

Akwai kuma na'urar OCT, wadda aka bayyana a Amurka a 1991. Tana nuna hawa-hawan fata ba tare da yanka ba, amma zurfin da take gani bai wuce milimita 2 ba. Saboda haka sai an ɗebi ɗan nama an gwada kafin a tabbatar. A arewacin Gana, Asibitin Koyarwa na Tamale ne babban wurin da ake tura marasa lafiya.