Masuntan Da Ba Su Cin Kifinsu

A ƙasar Ingila akwai wata irin fatsa wadda in muka ba masuncin Yawuri ko na Argungu labarinta, zai ce tatsuniya muke yi masa. Mutum zai biya kuɗi, ya zauna a bakin tafki tun sassafe har faɗuwar rana, ya kama kifi mai nauyin ɗan akuya. Sa'an nan ya auna shi, ya ɗauki hotonsa, ya mai da shi cikin ruwa da ransa. Ya koma gida ba ko ƙaya, amma yana murna.

Mutanen Ingila sun raba kifin ruwan daɗi kashi biyu. Akwai samon da tarawut, waɗanda ake kamawa domin ci, da can kuwa sai masu hali ke fatsarsu. Sauran duka ana ce da su kifin gama-gari, sarkinsu kuwa shi ne wani mai suna kap. Asalinsa ba kifin Ingila ba ne. An kawo shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, aka yi ta kiwonsa a tafkuna domin abinci. Har yanzu a ƙasar Folan da ƙasar Cek shi ne abincin jajiberin Kirsimeti. Amma a Ingila ya bar tukunya, ya zama abin farauta, kowa yana neman ya kama wanda ya fi girma.

Tafki mai eka 3

Labarin ya yi ƙarfi ne daga wani ɗan tafki mai suna Redmire, wanda bai wuce eka 3 ba. A 1934 aka zuba ƙananan kap guda 50 a ciki domin su cinye ciyawar ruwa. Aka bar su shekara da shekaru suna ƙiba. A ran 13 ga Satumba 1952, wani mutum mai suna Richard Walker ya kama ɗaya da ƙoton burodi, nauyinta laba 44, watau kusan kilo 20. Ba a taɓa kama kamarta a ƙasar ba. Bai yarda a kashe ta ba. Aka kai ta gidan namun daji na Landan, aka sa mata suna Clarissa, ta yi kusan shekara 20 a can mutane suna zuwa kallo. A 1980 Chris Yates ya kama wata mai laba 51 da rabi a wannan tafki. A 2016 kuma Dean Fletcher ya kama mai laba 68 da oza 1, watau kusan kilo 31, a wani tafki na yankin Berkshire.

Da yawa cikin tafkunan da ake wannan fatsa a yau ramuka ne da aka haƙa domin ɗiban tsakuwar gini, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ruwa ya cika su, kamar dai yadda kududdufanmu suka samu daga ɗiban ƙasar gini. Masu wurin suka zuba kifi, suka dasa itatuwa, suka sa kuɗin shiga.

Daga safe zuwa azahar

Bari mu bi irin wannan masunci mu ga yadda yininsa yake. Kafin ya bar gida dole ya kasance da lasin na hukuma, gama duk wanda ya kai shekara 13 ba ya fatsa sai da shi. Wanda aka kama ba lasin ana iya cinsa tara har fam 2,500. A ƙofar tafki kuma ya sayi tikitin yini. A wurare da yawa sai ya tsoma komarsa cikin ruwan magani, domin kada ya kawo cuta daga wani tafki ta hallaka kifin wannan.

Gwani ba ya gaggawar jefa ƙugiya. Zai zaga tafkin a hankali, yana duban inda kumfa ke tasowa, gama alama ce kifi yana tonon laka a ƙasa. Yana duban inda ruwa ya gurɓace, da inda kifi ya yi tsalle. Yana lura da iska, domin kap yakan bi iska mai ɗumi zuwa gefen da take kaɗawa. Awa guda ta wannan zagaye ta fi awa biyar ta zama a wurin da ba kifi.

In ya zaɓi wuri, sai ya kafa ɗan tantinsa, ya ɗora sanduna biyu ko uku a kan ƙarafa. Kowace sanda tana da ɗan injin naɗe zare, da wata 'yar na'ura mai ƙara idan an ja zaren. Ya auna zurfin ruwa, ya gane ko ƙasan laka ne ko tsakuwa, sa'an nan ya watsa ƙoto a wuri guda domin ya tara kifi.

Ƙoton iri iri ne. Akwai masara, da tsutsa, da wasu 'yan dunƙule-dunƙule na gari da ƙwai waɗanda ake dafawa su yi tauri, don kada ƙananan kifi su cinye. Abin da zai ba mu mamaki shi ne aya, wannan dai da muke saye a tire, tana cikin ƙoton da kap ya fi so. Amma sai an jiƙa ta an dafa sosai. A 2009 wata shahararriyar kifi mai suna Benson, wadda aka kama aka saki fiye da sau 60, ta mutu a wani tafki kusa da Peterborough, aka yi zargin ɗanyen ƙoto irin wannan ne ta ci. Saboda haka wasu masu tafki sun hana aya gaba ɗaya.

Kifin da aka sha kamawa yakan yi wayo. Yakan tsotsi ƙoto, in ya ji ƙarfe ya tofar. Wajen ƙarshen shekarun 1970 Lenny Middleton da Kevin Maddocks suka samo dabara. Maimakon a soke ƙoto a jikin ƙugiya, sai a rataye shi da ɗan siririn zare a ƙarƙashinta. Da gashin kan mutum suka fara gwadawa. Kifi ya tsotsi ƙoto, ƙugiya ta bi shi tsirara, yana ƙoƙarin tofarwa sai ta kama leɓensa.

Jira da kokawa

Daga nan sai jira. Masunci ba ya buga ƙafa, ba ya ɗaga murya, gama motsin ƙasa yana shiga ruwa. Ya dafa shayi, ya zuba wa ruwa ido. Azahar ta yi, la'asar ta yi, wani lokaci ba ko motsi. Akwai masu yin kwana da kwanaki ba su kama kome ba, ba su kuwa fasa dawowa. Mahaƙurci mawadaci.

In na'urar ta yi ƙara, sai ya ɗaga sanda, ta lanƙwashe kamar baka. Babban kap ba a jansa da ƙarfin tsiya, gama zare zai tsinke ko leɓe ya yage. In ya ja a sakar masa, in ya gaji a naɗe, ana kare shi daga ciyawa da saiwoyi. Kokawar takan ɗauki minti goma ko fiye kafin ya shiga koma.

A nan ne dokokin suka fi tsanani. Ba a ajiye kifi a ƙasa, sai a kan wata katifa mai laushi da aka jiƙa. Masunci ya jiƙa hannuwansa, domin busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare jikin kifi daga cuta. Ya cire ƙugiya, ya shafa magani a wurin. Ya auna shi cikin jiƙaƙƙiyar jaka. In za a ɗauki hoto, a durƙushe zai riƙe shi, don in ya kuɓuce kada ya faɗo daga sama. Sa'an nan ya kai shi ruwa, ya tallafe shi har ya farfaɗo ya tafi da kansa. Manyan kifin kowane tafki an san su da kamanninsu, da sunayensu, da nauyinsu na bara.

Da magariba ya tattara kayansa, bai bar ko guntun zare ba, domin zare yana sarƙe ƙafar tsuntsu. Tun 1987 aka hana amfani da yawancin ƙananan dalmar fatsa, gama manyan tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta suna mutuwa. A koguna kuma an hana irin wannan fatsa daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Tafkuna da yawa sukan rufe ƙofa da kansu in kifinsu ya soma.

Mu fa?

Mu kifi muke kamawa domin miya da kuɗin makarantar yara, ba kuwa abin kunya a ciki. Ba wanda zai ce uban gida ya mai da giwan ruwa cikin kogi alhali iyalinsa suna jira. Amma mu tuna, kifin nan na Redmire shekara 18 aka bar shi kafin ya kai laba 44. Mu kuwa mun san tafkunan da aka zuba wa guba aka kwashe babba da ƙarami rana ɗaya, mutane kuma suka ci suka kwanta ciwo. Mun ga ana su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan da bai kai yatsa ba. Daga baya mu ce kifi ya ƙare.

Abin da za mu iya yi ba ya bukatar kuɗi. Mu goyi bayan sarkin ruwa in ya rufe tafki lokacin haihuwar kifi. Mu ƙi sayen kifin da muka san da guba aka kama. Yaranmu kuma in sun tafi fatsa a kududdufi ranar Asabar, mu koya musu su mai da ƙananan cikin ruwa, su kawo manyan gida.