Gicciyen Ƙarfe Ba Ya Faɗin Sunan Mai Shi

A kasuwar masu tara tsofaffin kayan soja, babu abin da ya kai lambobin yabon Jamus farin jini, babu kuma abin da ya kai su yawan jabu. Abu biyun nan tushensu ɗaya. Jamusawa ba su saba buga sunan soja a jikin lambar da suka ba shi ba. Ingila ta yi akasin haka a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin rundunar Najeriya da suka gwabza da Jamusawa a Garwa a 1915, suka yi wa dutsen Mora ƙawanya har kwamandansa von Raben ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, lambobin da aka ba su suna ɗauke da suna da lambar soja da sunan runduna, an buga su a gefen ƙarfen ko a bayansa. Duk wanda ya riƙe irin wannan ya san ta wace ce. Ta Bajamushe kuwa bebiya ce, ana iya jingina ta ga duk wanda aka ga dama. Saboda haka darajarta, ta kuɗi da ta tarihi, tana rataye ne a kan hujja, wato yadda aka ƙera ta da takardun da suka rako ta. Mai tara lambobin Jamus da bai iya bin diddigi ba ya zama abincin 'yan damfara, kuma abin da ke cikin akwatinsa bai koya masa komai game da yaƙin da yake taƙamar sani ba.

Fitacciya a cikinsu ita ce Gicciyen Ƙarfe, wadda Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz. Sarkin Prusiya Friedrich Wilhelm na Uku ne ya kafa ta a birnin Breslau lokacin yaƙi da Napoleon, aka sa wa takardar kafawar ranar 10 ga Maris, 1813, ranar haihuwar matarsa Luise wadda ta rasu a 1810. Mai zanen gine-gine Karl Friedrich Schinkel ne ya daidaita siffarta. Da gangan aka zaɓi baƙin ƙarfe, domin a wannan shekara mata suna ba da zinariyarsu a sayi makamai, a musanya musu da kayan adon ƙarfe. Sabon abin da ta zo da shi shi ne kurtu da janar duk suna iya samunta. Ba a ba da ita a lokacin zaman lafiya, sai an shiga babban yaƙi ake farfaɗo da ita, shi ya sa sau huɗu kacal aka yi ta: 1813, 1870, 1914 da 1939. Wannan ne karatun farko na mai tantancewa. Ta 1870 da ta 1914 suna da kambin sarauta a sama, harafin W a tsakiya, shekara a ƙasa, kintinkirinsu baƙi mai ratsin fari. Ta 1939 kuwa Hitler ya cire kambin, ya dasa suwastika a tsakiya, ya sa ja a kintinkirin. Mai daraja ta biyu ana rataya ta da zobe, mai daraja ta ɗaya bayanta shafaffe ne da fil, ana maƙala ta a ƙirjin hagu. Shekarar da ke jikinta ta farfaɗowa ce, don haka sojan da ya samu tasa a 1918 ma 1914 zai gani a rubuce.

A ɗauki ɗaya ta 1914 a juya ta a tafin hannu. Ta gaske gida uku ce: tsakiya ta ƙarfe da aka yi wa baƙin fenti, da firam biyu na azurfa, gaba da baya, da aka haɗe suka rungume ta. Idan aka dubi gefenta da gilashin ƙara girma za a ga siririn layin haɗin kamar gashi, wani lokaci ma in an girgiza sai a ji tsakiyar tana ɗan motsi. A bakin firam ɗin akwai jerin 'yan ƙananan tudu, a ta gaske kowane ya fita tsaf. Mai jabun da ke gaggawa zuba ta yake yi gaba ɗaya a mazubi guda, sai tudun su dakushe, fuskar ta yi 'yan ramuka kamar zanzana, fenti ya hau inda bai kamata ba. Mutane da yawa sun dogara da maganaɗisu, wai in ya kama ta gaske ce. Wannan gwaji rabin gaskiya ne. Akwai na asali da aka yi tsakiyarsu da farin ƙarfe ko tutiya, maganaɗisu ba ya kama su, kuma mai jabu na yau ya san da gwajin, ƙarfe yake sakawa. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne lahanin tambarin bugu. Kowace masana'anta tana da nata tambarin ƙarfe da take buga firam da shi, in ya tsage ko ya cinye sai tabon ya fito a duk lambar da aka buga bayan nan, a wuri ɗaya. Masana sun shafe shekaru suna tattara hotunan waɗannan tabo, har ta kai suna iya cewa wannan daga wane gida ta fito tun kafin su duba hatiminta.

Hatimin ma yana da nasa ƙa'idar. A zamanin Nazi fadar gwamnati ta ba masu ƙera lambobi lambar shaida, misali 1 ta Deschler a Munich, 2 ta Juncker a Barlin, 4 ta Steinhauer da Lück a Lüdenscheid, ana buga ta a zobe ko a fil. Daga 1941 aka ƙara wani tsari mai harafin L, na lambobin da soja zai iya saya a shago da kuɗinsa in ya nuna takardar mallaka, inda Juncker ɗin nan ya zama L/12. Amma hatimi shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa, guduma da ɗan ƙarfe sun isa, kuma dubban lambobi na asali ba su da hatimi sam. Ga kuma matsalar da ta fi kowace ruɗarwa. Da yaƙi ya ƙare a 1945, wasu masana'antu a Jamus da Austriya sun ci gaba da bugu da tsofaffin tamburansu suna sayar wa sojojin mamaya masu neman tsaraba. Tambari na asali ne, maƙeri na asali ne, amma babu sojan da aka taɓa maƙala wa ita. Sannan dokar 26 ga Yulin 1957 ta Jamus ta Yamma ta halatta wa tsofaffin sojoji sa lambobinsu a sabuwar siffa, da ganyen itacen ok a gurbin suwastika. Waɗannan halal ne a idon doka, sai dai ba a fagen daga aka ba da su ba.

Yawan lambar shi ke nuna inda haɗari yake. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ƙiyasta an raba Gicciyen Ƙarfe mai daraja ta biyu sama da miliyan 5, mai daraja ta ɗaya sama da 200,000. Gicciyen tunawa da Shugaba Hindenburg ya kafa a 1934, mai takubba na mayaƙa, marar takubba na waɗanda ba su je bakin daga ba, baƙi na zawarawa da iyayen mamata, shi ma miliyoyi aka raba. Irin waɗannan suna nan birjik, farashinsu bai fi ƙarfin mai sha'awa ba. Pour le Mérite kuwa, shuɗin gicciyen da Friedrich Babba ya kafa a 1740, wanda matuƙin jirgi Richthofen da Rommel da Lettow-Vorbeck na Gabashin Afirka suka samu, waɗanda aka ba a yaƙin 1914 zuwa 1918 ba su kai 700 ba, kuma na ƙarshe a masu riƙe da na soja, marubuci Ernst Jünger, ya rasu a 1998. Gicciyen Jarumai na 1939, Ritterkreuz, mutum dubu bakwai da 'yan ɗaruruwa ne suka same shi. Duk wanda aka yi wa tallar ɗaya daga cikin biyun nan da araha a intanet, lissafi kaɗai ya ishe shi ya ja da baya.

Ko an tabbatar ƙarfen na asali ne, aikin bai yi rabi ba. A watan Agustan 1918 aka ba wani ƙaramin soja mai suna Adolf Hitler Gicciyen Ƙarfe mai daraja ta ɗaya, kuma hafsan da ya tsaya masa aka ba shi, Hugo Gutmann, Bayahude ne, shi ma mai riƙe da irin wannan gicciye. Daga baya Gutmann sai da ya gudu Amurka ya tsira da ransa. In aka ajiye lambobin mutum biyun nan a kan tebur, babu gilashin da zai bambanta tarihinsu. Abin da zai bambanta shi ne takardar shaidar mallaka mai suna da runduna da kwanan wata da sa hannun kwamanda, da littafin albashin soja da ake kira Soldbuch, da hoton mutumin sanye da ita. Takardun nan sun ƙara tsada saboda ma'ajiyar tarihin sojan Prusiya da ke Potsdam ta ƙone a ruwan bama-baman Afrilun 1945, sau da yawa takardar da ke hannun iyali ita kaɗai ta rage. Mai karatun hadisi zai gane wannan da sauri, domin ya san ba a karɓar matani sai an duba isnadi, wa ya karɓa daga wa, kuma ina aka samu giɓi. Hatta jerin lambobin da soja ya ɗinke a kan sanda ɗaya shaida ne. Daular Jamus ta 1871 tarin masarautu ce, Bavariya da Saksoniya da Württemberg kowace da nata lambobin, biranen Hamburg da Bremen da Lübeck ma sun fito da nasu gicciyen a 1915. Daga haɗin da ke kan sandar ana iya gane yankin mutum da muƙaminsa, wani lokaci har sunansa. Dillalin da ya warware irin wannan jeri ya sayar ɗai-ɗai don riba, ko ya raba lamba da takardarta, ɓarnarsa ta fi ta mai jabu, domin shi gaskiya ya rusa.

Mai musu zai ce ai takarda ma ana yin jabunta, har ta fi ƙarfe sauƙi. Haka ne, kuma babu misalin da ya kai na Konrad Kujau. Dillalin kayan Nazi ne a Stuttgart, ya fara da ƙirƙiro takardun shaida yana liƙa wa hajarsa don ta yi tsada, ya ƙare da rubuta littattafai wajen 60 da ya ce kundin sirrin Hitler ne. Mujallar Stern ta biya sama da mak miliyan 9, ta shelanta su a 1983, shahararren masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ma da farko ya amince. Masu duba rubutun hannu sun faɗa rami saboda wasu samfuran da aka ba su don gwadawa shi Kujau ɗin ne ya rubuta su. Amma a lura da abin da ya tona asirin cikin 'yan kwanaki: gwajin kimiyya ya nuna takardar tana ɗauke da sinadarin ƙara haske da bai shigo ba sai bayan yaƙi, tawada da zaren ɗinki ma sababbi ne, abin da ke ciki kuma kwafe ne daga wani littafi da aka buga, har da kurakuransa. Darasin a nan shi ne hujja ɗaya ba ta tsayawa ita kaɗai. Dole ƙarfe ya yarda da takarda, takarda ta yarda da tarihin rundunar, wato a ranar da aka rubuta rundunar tana wurin, kuma hafsan da ya sa hannu shi ke riƙe da ita a lokacin. Mai jabu yakan iya ɗaya, da wuya ya iya ukun.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: me ya sa mutumin kirki zai tara kayan adon gwamnatin da ta hallaka Yahudawa miliyan 6? Ba zancen banza ba ne, don akwai masu saye saboda ƙaunar aƙidar, kuma kuɗinsu na cikin abin da ke hura farashi. Jamus kanta ta ja layi. Sashe na 86a na dokar laifuffukanta ya hana baje alamomin Nazi a bainar jama'a, amma ya bar ƙofa ga ilimi da bincike da koyar da tarihi. Zancen kuma bai tsaya a kan Hitler ba. Lambar tunawa da yaƙin Kudu maso Yammacin Afirka da Kaiser Wilhelm na Biyu ya kafa a 1907 ba ta da suwastika, amma ladan yaƙin da aka yi wa al'ummomin Herero da Nama ce, wanda gwamnatin Jamus ta amsa a 2021 cewa kisan ƙare dangi ne. A ganina amsar ƙorafin tana cikin binciken nan da ake ta magana. Wanda ya bi takarda har ya san rundunar mai lambar, dole ya ci karo da abin da rundunar ta aikata, kuma da wuya sha'awar ƙyalƙyali ta tsira daga wannan sani. Wanda bai damu da suna ba shi ne ke iya bauta wa alama. Shi ne kuma kasuwar masu haƙa tsofaffin filayen daga a Gabashin Turai, waɗanda ke cire wa gawa ƙarfen shaidar da ke wuyanta su sayar, su bar ƙasusuwan da ƙungiyar kula da kaburburan sojojin Jamus, wadda aka kafa a 1919, ba za ta ƙara iya sa musu suna ba. Irin wannan kaya bai kamata a saya ba ko nawa ne.

Jamusawa sun ɗauki Hausawa aikin soja da na 'yan sanda a Togo da Kamaru, wasu kuma sun yaƙe su a ƙarƙashin tutar Ingila, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohuwar lamba a adakar wani gida a Yola ko Garwa ko Kumasi. Duk wanda ya gaji irinta, kada ya goge ta da toka ko man goge ƙarfe, kada ya canza mata kintinkiri, kada ya raba ta da duk wata takarda ko hoto da aka same ta tare da su. Ya ɗauki hotonta gaba da baya da gefe, ya zauna da dattawan gidan ya rubuta sunan mai ita da inda ya yi yaƙi tun suna raye, sannan ya kai wa masanin tarihi ko gidan adana kayan tarihi su duba kafin ya saurari tayin kowane dillali.